Goge a Lasifikar Ladan Sanda

Ni dai ban taɓa yarda akwai injin da ke da aljanu ba. Shekara goma sha tara na yi a reluwe nan Kaura Namoda ina gyaran wayoyin sigina da rediyon oba-oba, kafin in buɗe shagona a bakin tasha, kuma duk abin da aka kawo mini aka ce ya gagari masu gyara, da na ɗora masa tsinken asiloskof sai ya faɗi gaskiya. Asiloskof akwati ne mai ɗan gilashi a fuska, da koren layi kwance a tsakiya. Duk abin da ke gudu cikin waya wanda ido ba ya gani, shi yake zana maka shi a gilashin nan. Mu masu sana'a sikof muke ce masa. Nawa tsoho ne, ga nauyi kamar jarkar ruwa, amma ban taɓa kama shi da ƙarya ba.

Wata Talata ce cikin bazarar shekarar dubu biyu, watanni kaɗan bayan an ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Ina zaune ina lanƙaya dalma a wata rediyo sai ga Hyginus ya shigo, ya zube a benci ko sallama babu. Hyginus Ibo ne, Kirista, tare muka yi reluwe, kuma shagonsa na haɗa lasifika yana layi na biyu da nawa. Mutanen gari Ajinas suke ce masa. Hausarsa ta fi ta wasu da aka yanke wa cibiya a nan, kuma lokacin da 'yan uwansa da dama suka ɗaure kaya suka koma Kudu don fargaba, shi cewa ya yi ba inda za shi, a nan ya haifi 'ya'yansa uku.

"Lafiya, mutumina?" na ce. "Ko matarka Lucy ce ta hana ka tuwo?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam Zakari, sun ce na sa wa masallaci kiɗa."

Na ajiye abin dalma.

Ga yadda abin yake. Wata uku da suka wuce ya haɗa wa wani masallaci a Zurmi amfilifaya, wato injin ƙara sauti, da lasifika huɗu a kan rufi, aiki ya yi kyau har ana yaba masa. To kwana huɗu ke nan, duk magariba ladan na kunna injin sai a ji goge yana tashi a ƙarƙashin kiran salla, da muryar mace tana rera waƙa. Jiya kuma wani namiji ya yi magana cikin wani yare da ba wanda ya gane, nan take aka yanke cewa yaren su Hyginus ne, kuma shi ya ɓoye kaset cikin akwatin don ya yi wa addini izgili. Kwamitin masallaci ya aiko masa: ya zo yau, in har magariba ta yi bai fitar da kansa ba, za su miƙa shi gaban alƙali.

"Ko alƙali ya sake ni, zama ya ƙare mini a Kaura," in ji shi. "Maganar ta riga ni zuwa kasuwar Shinkafi. Yau da safe mai shayin da nake sha wurinsa shekara goma ya ga na taho ya juya mini baya." Ya shafa fuskarsa. "Jiya da rana na je na buɗe injin da hannuna. Tsit. Babu komai. Da rana ba ya yi."

"Maimaita," na ce.

"Da rana ba ya yi."

Wallahi a nan hankalina ya kwanta, sai dai raina ya ɓaci ƙwarai. Kaset ina ruwansa da rana ko dare? Abin da ke jiran faɗuwar rana kafin ya yi ƙarfi, duk wanda ya taɓa riƙe rediyo a ƙasar nan ya san shi, amma mutum ɗari sun taru ba wanda ya tsaya ya yi wannan tunanin, sai neman wanda za a rataya wa laifi. Na rufe shago, na bi ta gidan Malam Abbati, wani abokina malamin koyar da lantarki, na ari sifektiram analaiza ɗinsa. Ita wannan aikinta daban da na sikof: tana jera maka duk tashoshin da ke yawo cikin waya, kowace ta tsaya tsaye a kan lambarta. Malam Abbati ya bi ni har ƙofa yana roƙona kada in sa ta a but ɗin mota. A cinya muka rungume akwatunan biyu, ni ɗaya Hyginus ɗaya, har Zurmi.

Mun isa bayan la'asar. Amfilifayar tana cikin wani ɗan ɗaki da ke jingine da bangon masallaci, ƙofarsa ta waje, kuma kafin mu sauke kaya mutane sun cika wurin. Shugaban kwamitin, Alhaji Maitama, dillalin hatsi ne, ƙato mai faɗin ƙirji, ba mugu ba ne amma akwai saurin hawa. Gefensa wani tsoho siriri yana tsugune riƙe da carbi, idonsa a ƙasa. Shi ne Ladan Sanda, wanda ya fi shekara talatin yana kiran salla a masallacin, kuma tun ranar da gogen nan ya fito tare da muryarsa aka ce ko abinci ba ya iya ci.

Muka gaisa. Alhaji Maitama ya ce, "Injiniya, mu ba mu da rigima da kowa. Amma abin da munka ji da kunnenmu ba mu iya cewa ba mu ji ba. Abokinka ka zo karewa?"

"Awo na zo yi, Alhaji," na ce. "In na samu kaset a ciki, ni zan fara kama hannunsa in kai shi."

Na kwance murfin amfilifayar na ɗaga ta sama kowa ya leƙa. Babu kaset, babu komai sai abin da masu ƙera ta suka sa. Wani daga baya ya ce ai waɗannan mutanen suna da dabara, abu kamar ƙwayar gero ma ya isa. Na zare wayoyin lasifikar rufi na maye gurbinsu da wata 'yar sifika da na zo da ita, don kada gari ya sake jin abin da zai tayar da hankali. Aka tayar da janareta, na kunna sikof, koren layi ya bayyana.

"La'ilaha illallahu! Talabijin a jikin masallaci!" wani mai jan rawani ya yi ihu.

"Malam, in ka ga 'yan rawa a ciki ka faɗa mini, ni ma ban taɓa gani ba," na ce. Wasu suka yi dariya, shi kuma ya tsuke fuska.

Na ɗora tsinken sikof a bakin da sauti ke shiga injin. Layi ya kwanta sambal, ko motsi babu. 'Yar sifika ta yi shiru. Minti goma, minti ashirin, ba abin da ya canza, aka fara guna-guni. Mai jan rawani ya ce ai dole ya yi shiru tunda mai shi na tsaye. Na dubi Hyginus, gumi ya jiƙa masa riga har ciki, ya manne da bango yana kallon gilashin nan kamar mai jiran sakamakon asibiti. Na ji tausayinsa, amma ban ji ko ɗar ba.

"Alhaji," na ce, "ka ba ni har rana ta sauka kan kukar can. Baƙon namu ba ya tafiya cikin zafi."

Haka kuwa aka yi. Da rana ta yi ja ta fara sunkuyawa, sai layin ya soma kauri. Da farko kamar zare, can ya zama kamar igiyar guga, sannan gefensa na sama da na ƙasa suka fara rawa tare. Na murɗa maɓallin sauri, kaurin nan ya warware ya zama ƙananan tuddai masu yawa a jere, dubbai a cikin ƙiftawar ido. Murya ko kaset ba su da irin wannan saurin. Na ɗan ɗaga sautin 'yar sifika, sai ga goge, siriri amma tas, da mace tana bin sa da waƙa.

Wuri ya hargitse. "Ga shi nan! Ga shi nan!" Kafin in juya wani ya cakumi wuyan rigar Hyginus.

"Kai, sake shi!" na daka masa tsawa, har ni kaina na ji muryata ta yi mini yawa. "Na ce sake shi! Ban gama awo ba, kuma wanda ya taɓa shi kafin in gama, ni da shi ne gaban alƙalin!"

Alhaji Maitama ya ɗaga hannu, aka sake shi. Na jawo analaiza na haɗa ta a daidai inda tsinken sikof yake. Ƙasan gilashinta ya cika da 'yan ƙananan tsirai, amma a wuri ɗaya wani dogon tsini ya miƙe ya kusa taɓa sama. Na kai alama kansa na karanta lambar. Matsakaicin zango ne.

"Wa ke da rediyo a nan?"

Tambayar banza na yi, a Zurmi wa ba shi da ita. Ta Alhaji Maitama ma tana rataye a kafaɗarsa cikin jakar fata. Na nuna masa lambar na ce ya murɗa da hannunsa, ni ba zan taɓa ba. Ya murɗa a hankali, ta yi shuu, ta yi ƙyar-ƙyar, sai goge ya fito. Gogen nan dai, macen nan dai, baiti ɗaya, numfashi ɗaya da wanda ke fita a 'yar sifikata. Waƙar ta ƙare, namiji ya karɓa da magana, a rediyon Alhaji da cikin amfilifayar masallaci lokaci guda.

Alhaji Maitama ya kasa kunne, ya sake kasawa. Mutum ne mai kai hatsi Maraɗi. Ya ce a hankali, "Wanga ai Faransanci ne."

"Shi ne yaren su Ajinas da kuka ji jiya," na ce. "Tasha ce daga hayin iyaka. Da rana ba ta da ƙarfin isowa nan, sai rana ta faɗi. Ku da kuke kama tashoshin nesa da magariba kun fi ni sani."

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da saura. Alhaji ya kashe rediyonsa ya ce, "To na ji, ba kaset ba ne. Amma mi ya sa akwatin masallaci ya koma rediyo? Masallatai nawa ne garin ga, ba wanda ya taɓa yin haka sai wanda shi ya haɗa. In ba da gangan ba, a nuna muna." Kuma gaskiyarsa, tambaya ce mai kyau. Na dubi rana, saura abin da bai fi minti goma sha biyar ba a kira salla.

Amfilifaya ba ta kama tasha sai ta samu eriya, wato wata waya ce ke jawo mata baƙon. Aikin ya zama na cire ɗaya bayan ɗaya ina kallon tsinin nan. Na zare wayar makirfo, tsini na nan tsaye. Wayoyin lasifika dama a zare suke. Na raba wayar janareta da sauran, na sauya mata hanya, ya ɗan girgiza ya koma yadda yake. Saura guda ɗaya, wata koriyar waya da aka ɗaure da noti a jikin ƙarfen akwatin. Na sa sifana na kwance ta. Tsini ya faɗi warwas, layin sikof ya koma zare, Bafaranshe ya yi shiru a tsakiyar kalma. Na mayar da ita, ya dawo. Na cire, ya tafi. Sau uku na yi don kowa ya gani.

"Ba zai yiwu ba," in ji Hyginus, karon farko da ya buɗe baki tun isowarmu. "Wannan wayar ƙasa ce. Ni na kafa mata ƙarfe a bayan bango, na zuba gawayi da gishiri, daidai inda ruwan alwala ke gangarawa don wurin kada ya bushe. Ita ce ma ke hana irin wannan."

"To mu je mu gaishe ta," na ce.

Muka bi ta da ido. Ta fita ta taga, ta bi jikin bango, muka zagaya baya, jama'a na biye da mu. Ga ƙarfen Hyginus nan a kafe cikin laka a bakin kwata, amma ba waya a jikinsa. Wayar, maimakon ta gangara, sai ta yi sama. Ta hau bango, an bi ta da ƙananan ƙusoshi a tsare, har ta kai bakin rufi, inda aka fere bakinta aka naɗe shi tam a ƙusar kwano, aka kuma lulluɓe ƙullin da wani farin ƙyalle mai tsabta.

Na tsaya ina kallo, na ce, "Jama'a, ga eriyarku nan. Rufin masallacin nan gaba ɗaya, kwano sama da bandir goma. Da wannan ko tashar Makka kuke so za ku kama. Wanda ya haɗa injin a ƙasa ya sa wayarsa. Wani ne ya ɗaga ta."

"Wane ne?" Alhaji Maitama ya juya yana huci. "Wane ɗan banza ne ya yi muna wanga aiki?"

Ni na riga na sani, farin ƙyallen nan ya gaya mini aikin mai hidimar masallacin ne ba na mugu ba, kuma na rasa yadda zan yi in faɗa. Ban sha wahala ba. Daga bayanmu wata murya ta ce, "Ni ne ɗan banzan, Alhaji."

Ladan Sanda ne. Ya tako har gaban kwatar.

"Ni na ɗaga ta, ran Juma'a da hantsi. Na zo shara na ga waya ta hito daga akwatin da sunan Allah ka shiga, ta tahi ta nutse cikin ruwan ƙazanta. Mutane na taka ta da takalmi, awaki na hitsari bisanta. Zuciyata ba ta ɗauka ba. Na ciro ta, na wanke ta da sabulu, na ɗauko tsani na kai ta bisa inda ya dace da ita. Wallahi ban hwaɗa ma kowa ba don na ɗauka ɗan aikin lada ne tsakanina da Ubangijina." Ya dubi Hyginus. "Kwana huɗu ina jin ana zagin yaron ga, ni ma ina zagi cikin zuciyata. Ashe ni ne."

Alhaji Maitama ya cire hula ya sake mayarwa. Ni kuwa dariya ta taso mini, kuka ma ya taso, fushin da na ɗauko tun daga Kaura na rasa wanda zan sauke wa. Na matsa kusa da tsohon na rage murya.

"Baba Ladan, niyyarka mai kyau ce. Amma kiran sallarka ba ta wannan wayar yake bi ba, ta waɗancan na lasifika yake hawa sama. Ita wannan tsintsiya ce. Duk dattin da ya shiga injin ita ke share shi ta zubar a ƙasa. Wurinta ke nan."

"Tsintsiya," ya maimaita. "Tsintsiya na wanke na rataye."

Hyginus bai jira an ce masa komai ba. Ya hau tsanin, ya kwance ƙullin, ya sauko ya miƙa wa tsohon farin ƙyallensa da hannu biyu, sannan ya durƙusa cikin lakar kwata da wandonsa na fita, ya kankare ƙarfen, ya ɗaure wayar ya matse da filaya. Na koma ɗaki na mayar da noti. Tsinin bai ko ɗago kai ba, layin sikof ya kwanta. Na mayar da wayoyin lasifikar rufi da na makirfo, na ɗaga sauti har inda aka saba. Tsit, sai ɗan hucin inji.

Na leƙa ta taga na ce, "Baba Ladan, kafin ka kira, ɗan hura makirfo ka ce gwaji, in ga yadda layin zai yi."

Ya shiga masallaci. Na ji ya ɗauki makirfo, na ga layin ya yi tsalle da numfashinsa. Amma bai ce gwaji ba. Lasifika huɗu suka ɗauki muryarsa suka watsa gabas da yamma, har cikin gidaje, har bakin kasuwa.

"Jama'ar gari, ku saurara. Sanda ne, ladaninku. Kiɗan da kunka ji kwana huɗu, ni na jawo shi da hannuna cikin rashin sani. Ajinas na Kaura bai yi komi ba, aikinshi daidai yake. Duk wanda ya kai maganar wani gari, shi koma shi kai wagga. Ni kau ina roƙonshi gahwara gaban kowa."

Sannan ya ɗaga murya ya yi kabbara, tas, ba goge ba Bafaranshe.

Na fito zan yi alwala na tarar da Hyginus tsaye shi kaɗai a bakin kwata, laka har gwiwar hannu, ya ɗaga kai yana kallon rufi, hawaye na bin fuskarsa bai ko share ba. Na dafa kafaɗarsa. Na buɗe baki in ce wani abu, ya ɗaga mini yatsa alamar in yi shiru, ya karkata kunne.

"Malam Zakari, ka ji ta gabas ɗin nan? Tana ɗan karkarwa, noti ne ya saki." Ya ja hanci. "Gobe da safe zan dawo in ɗaure ta."